Na'urar Nuna Hanya Ga Mafarauci: Wacce Ta Cancanci A Saya?

Kwanakin baya wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu shi ma malami ne a wata makarantar sakandare ta karkara, ya kawo mini ziyara ɗauke da tambaya. Mahaifinsa yana cikin manyan maharban garinsu. A ranin da ya wuce, in ji shi, sun fita farauta su wajen talatin, ranar kuwa hazo ya sauko har ba a ganin rana, sai wani saurayi daga cikinsu ya bi sawun gada ya rabu da jama'a. Aka yi ta busa ƙaho har dare ya raba, shiru. Sai bayan kwana biyu wasu makiyaya suka tsince shi a gindin wata kuka, gorarsa ba ko ɗigon ruwa, ƙafafunsa sun kumbura. Abin da ya ba kowa mamaki shi ne, wurin da aka same shi bai kai tafiyar sa'a biyu daga inda suka yada zango ba, alhali shi ya rantse yini biyu ya yi yana miƙawa gabas bai karkata ba. Daga nan dattawan suka haɗa kuɗi, suka ce ɗan bokonsu ya binciko musu na'urar nan da ake cewa tana nuna wa mutum inda yake. Tambayarsa ita ce, "Malam, wacce za mu saya?"

Amsar da na ba shi ita zan faɗaɗa a nan, domin na san da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla 'ya'yan maharba ne ko jikokinsu, kuma su za a tambaya. Ra'ayina shi ne, irin wannan na'ura ana zaɓenta ne domin mummunar rana, wato ranar da hazo ya rufe, ruwa ya ƙare, jiki ya gaji, hankali ya tashi. Duk abin da ba zai yi amfani a wannan rana ba, ado ne kawai, bai kamata a kashe masa ko kwabo ba.

Dalilin da ya sa mutum ke ɓata

Saurayin nan bai yi ƙarya ba. A shekarar 2009 wani masani mai suna Jan Souman da abokan aikinsa na Cibiyar Max Planck da ke Jamus sun sa mutane tafiya ta sa'o'i a cikin wani daji na ƙasarsu da kuma hamadar Sahara ta Tunisiya, suka ce su miƙe sosai kada su karkata, suna bin sawunsu da na'ura. Waɗanda suka yi tafiya rana na haskawa sun miƙe daidai gwargwado. Waɗanda gajimare ya rufe musu rana kuwa sai suka yi ta kewaye, suna ratsa sawunsu ba tare da sun sani ba. Da aka ɗaure wa wasu idanu a fili, har da masu yin da'irar da faɗinta bai wuce mita 20 ba. Ashe jikin ɗan'adam ba shi da wani ma'aunin miƙewa na kansa. Kowane taku da ɗan kuskurensa, kuma idan babu rana ko tsauni da ido zai gyara da shi, kuskuren taruwa yake yi.

To, lokacin farauta a ƙasar Hausa shi ne rani, bayan an kawar da amfanin gona, kuma shi ne lokacin hunturu da hazo. Da dare ma ba a tsira ba. Tauraron arewa, wanda matafiyan hamada ke dogara da shi, tsayinsa daga doron ƙasa daidai yake da nisan wurin daga tsakiyar duniya. A Kano digiri 12 ne kacal, saboda haka ƙura kaɗan ko kan itatuwa sun isa su ɓoye shi. Buƙatar dattawan nan ke nan tana da tushe a kimiyya.

Yadda na'urar ke gane wuri

Tsarin da aka fi sani shi ne GPS, mallakar gwamnatin Amurka. Ma'aikatar tsaronsu ce ta fara shirinsa a 1973, aka harba tauraron ɗan'adam na farko a 1978, tsarin ya cika da taurari 24 a 1995. Taurarin suna shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana zagaya duniya sau biyu a rana, ɗauke da agogo mai tsananin daidaito. Aikin kowanne shi ne ya yi ta shelar inda yake da kuma lokacin da ya yi shelar. Saƙon yana tafiya da saurin haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa, ya iso ƙasa cikin kusan kashi ɗaya bisa goma sha biyar na daƙiƙa. Na'urar da ke hannun mutum sai ta auna jinkirin isowar saƙon, ta mai da shi nisa. Idan ta sami saƙon taurari huɗu ko fiye, sai ta lissafa wuri guda tak da ya dace da duk waɗannan nisa. Ɗalibi zai iya gwada lissafin da kansa: kuskuren kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa yana haifar da kuskuren mita 300 a ƙasa.

Har zuwa watan Mayu na 2000 da gangan ake gurɓata saƙon da farar hula ke samu, kuskure ya kan kai mita 100. Da aka daina, sai ya koma 'yan mitoci a fili. Ban da na Amurka, akwai GLONASS na Rasha, da Galileo na Tarayyar Turai, da BeiDou na Sin wanda ya game duniya a 2020.

Daga wannan bayani mai karatu zai fahimci abu biyu. Na farko, na'urar saurare kawai take yi, don haka ba ta buƙatar layin waya ko kati, kuma ba a biyan kowa kuɗin sauraren. Na biyu, tun da ba ta aika komai, babu wanda ya san inda mai riƙe da ita yake sai shi kaɗai. Mutane da yawa suna zaton da zarar sun rataya ta, ana ganinsu daga gida. Wannan zato yana iya jawo asarar rai.

Abubuwan da ya kamata a duba

Abu na farko shi ne batir, kuma a ganina ya fi sauran duka. Farauta ta kan ɗauki kwana uku har mako guda, a inda babu wutar lantarki. Na'urar da batirinta ke like a ciki, idan ya ƙare ta zama dutse. Wadda ke cin batirin agogon bango guda biyu, wanda ake wa lamba AA, ana canza mata cikin minti ɗaya, kuma ana samun batirin a kowace kasuwar ƙauye. Alal misali, ƙananan na'urorin Garmin samfurin eTrex 22x da 32x suna yin kimanin sa'a 25 da batir biyu, samfurin eTrex SE da ya fito a 2023 kuwa kamfanin ya ce yana kai sa'a 168. Sai dai a lura, batir mai araha da ake sayarwa a tire ba ya jimre wa irin wannan aiki. A nemi mai rubutun alkalin, ko kuma wanda ake sake caji da faifan hasken rana, a riƙa ɗaukar ƙarin guda huɗu a cikin burgami.

Na biyu, juriya. Na'urar za ta sha ƙura, da gumi, da faɗuwa kan dutse, wata rana ma ta faɗa ƙorama. A duba jikin kwalinta a ga lambar IPX7, ma'anarta ta jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya har minti 30.

Na uku, madannai. Allon shafawa yana da kyan gani a kanti, amma yatsa mai gumi ko jini ko ƙura ba ya jin daɗinsa, kuma babban allo mai haske shi ke shanye batir. Madannai na roba ana iya latsa su da hannu ɗaya, a cikin duhu, ba tare da an ajiye kwari da baka ba.

Na huɗu, sauƙin ayyuka uku waɗanda su ne ainihin dalilin sayenta: ajiye alamar wuri, kamar zango ko rijiya ko inda aka bar babur, zana sawun tafiya, da kuma mai da mutum ta kan sawun da ya bi. Kafin a biya kuɗi, a miƙa wa wanda zai riƙe ta a daji, a nuna masa sau biyu, a ga ko zai iya shi kaɗai a karo na uku. Idan ya kasa a tsakar gida hankalinsa kwance, ba zai iya a dawa ƙishirwa na cinsa ba. Aikin bin sawu yana da muhimmanci na musamman, domin kibiyar da ke nuna zango miƙaƙƙen layi take nunawa, ba ruwanta da kwazazzabo ko sarƙaƙiya ko kogin da ke tsakani.

Na biyar, kamfas. Na'ura maras kamfas na ciki ba ta sanin inda mutum ya fuskanta sai yana tafiya. Da ya tsaya sai kibiyar ta rikice. Bambancin eTrex 22x da 32x ke nan, ta biyun tana da shi. Amma wanda kuɗinsa bai kai ba kada ya damu, ya sayi kamfas na allura daban, wanda ba ya cin batir. Mu a nan mun yi sa'a, bambancin arewar allura da arewa ta haƙiƙa a Nijeriya ƙanƙane ne, bai wuce digiri ɗaya ko biyu ba.

Na shida, yawan taurarin da take saurare. A ƙarƙashin inuwar kurmi ko a gindin tsauni, rabin sama a rufe yake, saboda haka wadda ke jin GPS tare da GLONASS ko Galileo ta fi saurin gane wuri. Akwai kuma masu tsada da ke kama saƙo a zango biyu na rediyo, domin gyara jinkirin da saƙon ke samu a sashen sama mai ɗauke da lantarki. Wannan sashe ya fi rikici a ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya irin tamu, musamman bayan faɗuwar rana. Duk da haka ban ga dalilin da maharbi zai ninka kuɗinsa sau uku a kan wannan ba. Mai awon fili ne ke neman daidaiton taku ɗaya. Wanda ya ɓata, idan aka kawo shi mita goma kusa da zango, ai ya ga hayaƙin wuta.

Akwai kuma na'urorin da ke iya aika saƙon neman agaji ta taurarin Iridium, kamar samfurin inReach. Suna da amfani, amma ana biyan kuɗinsu wata-wata, kuma saƙo ba ya ceto sai akwai wanda zai taso. Jama'ar da ba ta shirya wanda zai amsa kira ba, gara ta sayi ƙananan na'urori uku da kuɗin babba ɗaya, ta raba wa kowane rukuni. Wanda ya rabu da jama'a ba ya amfana da na'urar da ke aljihun shugaba.

To, wayar hannu fa?

Wani zai ce, ai kusan kowace babbar waya tana da GPS, don me za a sayi wani abu? Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Waya tana gane wuri ko babu sabis, muddin an sauke taswirar yankin tun daga gida ta manhaja irin su OsmAnd. Wanda zai fita harbin zabi ya dawo kafin magariba, a dajin da ya sani, waya ta ishe shi, kuma ba zan ba shi shawarar ɓarnar kuɗi ba. Amma a tafiyar kwanaki ba na yarda da ita ita kaɗai. Batirinta da ƙyar yake yini idan allo na kunne, ga shi tana ƙara shan wuta wajen laluben sabis ɗin da babu. Masu ƙera wayoyi da yawa suna iyakance zafin aikinsu a digiri 35, alhali a watan Maris da Afrilu zafin arewa yana haura 40. Faɗuwa ɗaya kuma ta isa ta fasa gilashinta. Ga shi ita ce fitila, ita ce rediyo, ita ce abin ɗaukar hoton naman da aka kama, kafin a buƙace ta an riga an cinye cajin.

Tarkon lambobi

Ko an sayi na'ura mai kyau, akwai kuskuren da ɗan makaranta ne kaɗai zai iya karewa. Ana rubuta lambobin wuri ta hanya fiye da ɗaya. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kimanin kilomita 111 ne, ana kuma raba shi minti 60. Idan wani ya karanto "sha ɗaya da talatin" yana nufin digiri 11 da minti 30, wato 11.5, mai saurare kuma ya shigar da 11.30, to tsakaninsu akwai kilomita 22. Masu neman ɓatacce za su tafi wani daji daban. Don haka dole duk na'urorin rukuni ɗaya su kasance a kan tsarin rubutu ɗaya. Haka kuma tsofaffin taswirorin awon ƙasa na Nijeriya an zana su ne bisa ma'aunin Minna, GPS kuwa yana amfani da ma'aunin WGS 84, kuma bambancinsu yana kai gomman mitoci. Mai haɗa na'ura da taswirar takarda sai ya daidaita wannan tun a gida. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Koken dattawa

Ɗalibin nawa ya ce akwai wani tsoho a cikinsu da ya ƙi sa hannu a karo-karon. Hujjarsa ita ce, yaron da ke kallon allo ba zai kalli daji ba. Ban raina wannan magana ba, domin an ga haka a wani wuri. A yankin Igloolik na arewacin Kanada, mafarautan ƙabilar Inuwit sun daɗe suna gane hanya da iska da tudun ƙanƙara. Masani Claudio Aporta da abokin aikinsa Eric Higgs sun wallafa nazari a 2005 inda suka nuna damuwar dattawan wurin game da samarin da suka dogara da GPS ba su koyi karatun ƙasa ba, waɗanda ke shiga haɗari idan na'urar ta daskare ko ta lalace. Sanin maharbinmu irin wannan ne: ya san marke da ƙirya da inda kowanne ke fitowa, ya san gangaren da ruwa ke bi, ya san lokacin fitowar gamzaki, ya san sabon sawu da na jiya. Babu na'urar da ke ɗauke da wannan.

Amma akwai wani misali da ke nuna ɗaya fuskar. A tsakiyar shekarun 1990, a Afirka ta Kudu, Louis Liebenberg ya jagoranci ƙirƙiro manhajar CyberTracker domin gwanayen bin sawu waɗanda ba su yi karatun boko ba. Hotunan dabbobi da sawu aka sa a maimakon rubutu. Mai bin sawu ya latsa abin da ya gani, GPS ya ajiye wurin. Ta haka ilimin da ke cikin kansu ya zama bayanin da masana ke aiki da shi. Abin da ya raba misalan biyu shi ne wanda ke gaba: a na farko na'ura ce ke jan mutum, a na biyu mutum ne ke jan na'ura. Shawarata ita ce na'urar ta zauna a aljihu tana zana sawu, idanu kuma su zauna a kan daji. A tsaya lokaci-lokaci, yaro ya nuna da hannu inda yake zaton zango yake, sannan a fito da ita a gwada. Ta haka sai ta zama malamar gyara, tsoho kuma ya ci gaba da koyar da abin da ya gada.

Iyaka da doka

Akwai wani amfani da ba a cika ambata ba. Gandun dajin Yankari a Jihar Bauchi, wanda aka keɓe tun 1956, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Irinsa akwai Falgore a Jihar Kano da Kamuku a Jihar Kaduna. Farauta a cikin irin waɗannan wurare laifi ne, iyakokinsu kuwa galibi ba katanga ba ce da ido zai gani. Maharbi mai gaskiya zai iya ajiye alamun iyaka a na'urarsa ya kauce musu. Na yarda cewa wannan na'ura za ta iya taimakon mai ɓarna ya koma mashayar dabbobi kullum har ya ƙarar da su. Amma ita ɗin ce kuma ake rataya wa giwayen Yankari a wuya domin masu gadi su san inda suke. Gyaran yana hannun Sarkin Baka da hukuma. Kuma kada a manta, wasu dazuzzukan arewa maso yamma sun zama maɓoyar 'yan bindiga tun shekarun 2010. Na'ura tana faɗa wa mutum inda yake, ba ta faɗa masa wanda ke bayan kurmi. Sanar da mai gari da jami'an tsaro inda za a nufa da ranar dawowa wajibi ne, ko da na'ura ko babu.

Kira ga malamai da ɗalibai

Malamin labarin ƙasa ko na kimiyya zai iya koyar da duk wannan da waya ɗaya da filin ƙwallo. A ɗaure wa ɗalibi idanu a bakin raga, a ce ya miƙe zuwa ɗaya ragar, abokansa na tsaronsa, a ga inda zai ƙare. Sannan a tsaya a tsakiyar fili a rubuta lambobin wurin da safe, da rana, da bayan magariba, har mako guda, a zana su a takarda a ga yadda suke warwatsuwa alhali fili bai motsa ba. Daga ƙarshe a ɓoye wani abu a harabar makaranta, a ba wani rukuni lambobinsa su nemo. Ɗalibin da ya yi waɗannan gwaje-gwaje uku ya san amfanin na'urar, ya kuma san iyakarta.

Abin da na faɗa wa baƙona ke nan: su sayi ƙanana masu madannai da batirin kasuwa, gwargwadon yawan rukunonin da suke rabuwa, kowace a haɗa ta da kamfas na allura da usur. Shi kuma ya zauna da mahaifinsa da samarin, su yi mako biyu suna gwaji a gonakin bayan gari kafin su doshi dawa. Na kuma roƙe shi ya sa tsohon nan da ya ƙi karo-karo ya zama alƙalin gwajin, domin ranar da batir ya mutu, abin da ke cikin kansa ne zai kai su gida. Allah Ya kiyaye matafiyanmu, Ya mai da kowa ga iyalinsa lafiya.